Ni Na Nuna Musu Ƙofar Baya

A lokacin da abin nan ya faru ni barunje ne, wato mahauci, a kasuwar wani gari cikin ƙasar Kebbe. Ba zan faɗi sunan garin ba, don mutanensa suna da rai, kuma suna da sanduna. Shekaruna sun haura arba'in, ina da mata da ɗiya shida, ilimina aji fuɗu na firamare, shi ma ina jin malamai sun yi sadaka ranar da na bari. Abu biyu Allah ya ba ni, wuƙa da baki, kuma duk wanda ya san ni zai shaida cewa bakin ya fi yanka. In na zauna kan teburin nama mutane kan taru ko ba su da niyyar saye, don su ji ƙaryar da zan shirga. Na taɓa sa wani tsoho ya hau babur har Jabo zuwa ta'aziyyar surukinsa, ya tarar da mamacin yana shan fura. Aka yi dariya mako guda. Ni a lokacin ban ɗauki ƙarya zunubi ba, na ɗauke ta sana'a ta biyu.

Katanga ɗaya ta raba gidana da na wani malamin firamare, Kirista, mutumin ƙasar Zuru, wanda ya kusa shekara ashirin cikinmu. Kowa Ticha yake ce masa. Ɗiyana uku a hannunsa sunka koyi karatu. Kiristocin garin duka ba su wuce gida bakwai ba, kuma akwai wata al'ada tsakanina da su. Duk Kirsimeti ba su yanka akuyarsu da kansu, ni ake kira in yi bisimilla in yanka, don in an kai wa maƙwabta shinkafa da nama kowa ya ci ba tare da shakka ba. Ta haka na san gidajensu ciki da waje. A gidan Ticha ba ta ƙofar gaba nika shiga ba, don matarsa ba ta son jini a tsakar gida. Akwai wata ƙofar zana a baya, wajen turken awaki, igiya kawai ke riƙe da ita. Nan nika yanka, yana riƙe mini ƙafafu, muna tsokanar juna. In na ce masa ya yi kalmar shahada in kama masa wuri ko bakin ƙofar aljanna ne, sai ya ce mutumin da ke ɓoye ƙashi ƙarƙashin tsoka ya fara tabbatar da nasa wurin tukuna. Sarkin Fawa yake kirana don ba'a, ya san na fi shekara goma ina kwaɗayin sarautar.

Sai zaɓen kansila ya zo. 'Yan takara biyu, dukansu Musulmi, masallaci guda, sahu guda. Ni ina bayan ɗaya, domin ya dafa kafaɗata gaban mutane ya ce in ya hau, shugabancin rundawan kasuwa, wato mu mahauta, nawa ne. Ya ɗinka mana riguna na yadin roba mai sheƙi da hotonsa a ƙirji. Ticha kuwa shi anka sa malamin zaɓe a akwatin unguwarmu. Da la'asar, bayan an gama jefa ƙuri'a, mutanenmu sunka ja shi gefe sunka ce ya ba su takardun ƙuri'ar da sunka yi saura a dangwale, ai kowa haka yake yi. Ya ƙi. Ya ce ya yi rantsuwa, kuma ko ƙanensa ke takara ba zai ba da ba. Har ni na je na roƙe shi da sunan maƙwabtaka, ya yi dariya ya ce Sarkin Fawa, wannan ba tsoka ba ce da za a ƙara maka gyara. Aka ƙirga, ɗan takararmu ya faɗi da ƙuri'un da ba su cika tafin hannu ba.

Washegari da safe yaron gidan ɗan takara, wani ƙato mai jan ido, ya same ni wajen mai shayi. Ya ce mai gida ya ce in aka tada hankali za a soke akwatin a sake zaɓe, amma ana neman mai bakin da mutane ke saurare. Bai gaya mini abin da zan faɗa ba. Wannan nawa ne, daga kaina ya fito, kuma wallahi ina tuna daɗin da na ji da dabarar ta zo mini. Na hau benci na ce da kunnena na ji, ranar da na je yanka, Kiristoci sun yi shawara a gidan Ticha cewa za su riƙe akwati su zaɓa mana wanda za su juya, daga nan su nemi filin idi su gina coci. Duk wanda ya san garinmu ya san gida bakwai ba su iya ƙwace ko turken jaki. Amma wa zai musa mini, ni da ke shiga gidajensu? Na jira a yi dariya kamar kullum. Ba wanda ya yi. Daga mai shayi maganar ta tafi tasha, daga tasha ta shiga kasuwa, kafin azahar ta dawo mini da ƙarin da ni kaina ban sani ba.

Bayan azahar munka nufi gidan, mun fi mutum sittin, da gora da adda da kwalaben fetur. Ina gaba, cikin rigata mai sheƙi, ina kabbara da muryar da nika tallan nama. Ticha ya riga ya ji labari ya kulle ƙofar gaba, ta ƙarfe ce. Aka yi ta jifa, aka farfasa tagogi, aka doki ƙofar da turmi, ba ta motsa ba. Rana ta yi zafi, wasu sun fara zamewa, wasu na neman ruwan sha. Da na yi shiru minti goma da kowa ya watse, da yau labarin dariya nika ba ku. Sai ƙaton nan ya dube ni ya ce ashe dai bakin kawai gare ni. Ni kuwa ba ni son a ce na kasa. Na ce ku biyo ni. Na zagaya da su ta lungu, ta bayan turken awaki, na zaro wuƙata na yanke igiyar zanar. Daga baya na ji cewa a daidai wannan lokacin matata na tsaye kan turmi tana karɓar ɗiyan Ticha ta kan katanga, tana tura su ƙarƙashin gadonmu.

Ticha ya fito tsakar gida hannu sake, da singileti. Yana kiran samarin ɗaya ɗaya da sunayensu, don rabinsu shi ya koya musu riƙe alli. Na farko ya sauke masa gora a baki, haƙora sunka zubo. Ya faɗi ya tashi, anka sake. Matarsa ta fito tana kururuwa, wani ya hankaɗa ta ta bugi randa. Sai wani ya ɗaga adda ya nufi kansa, shi kuwa ya tare da hannun dama. Ni barunje ne, na san ƙarar da adda ke yi in ta sami tsoka, na san wadda take yi in ta sami ƙashi. Sau biyu na ji ta ƙashi. Hannun ya rataye da fata, jini na tsartuwa har bangon ɗaki. A nan ne na buɗe baki zan ce ya isa, ban sani ba ko na faɗa. Wani daga baya ya cilla kwalbar fetur da wuta a bakinta zuwa rufin madafa, ta daki gini ta fashe a kaina.

Yadin roba ba ya ci kamar auduga, narkewa yake yi ya manne da fata. Na ji warin da na saba ji in ana babbaka kai da ƙafa, sai dai wannan karon ni ne. Na yi ta gudu ina karo da bango ina ihu. Jaruman da na jawo kuwa, ganin mutum na ci da wuta, kowa ya kama gabansa, har suna tattaka juna a ƙofar zanar. Na faɗi kusa da rijiya. Abin da na gani ta cikin hayaƙi shi ne Ticha yana jan ciki, yana jan wannan hannu a ƙasa. Da hannun hagu ya ture bokitin wanki a kaina, ya jawo jiƙaƙƙen buhu ya danne ni da shi, ya kwanta a kaina da nauyinsa. Yana kiran matarsa ta kawo bargo. Ta ce wallahi ba ta kawowa, ta ga wanda ya shigo da su. Ya ce mata, da bakin da ba haƙora, ta kawo dai, maƙwabcinsu ne.

Motar ɗaukar hatsi guda ta kai mu asibiti a Tambuwal, muna kwance gefe da gefe, jininsa na jiƙa ni. Aka yanke hannun daga gwiwa. Gadonsa na kallon nawa. Kwana na uku 'yan sanda sunka zo. Sunka tambaye shi wa ya shigo da mutane, ya ce fuskokin suna da yawa, amma ga wanda ya ƙone a gidan nan, su tambaye shi. Ya juyo ya dube ni, ba fushi a idonsa, jira kawai yake. Ni kuwa tsohon hali ya motsa. Na ce ai ni ceton maƙwabcina na shiga yi, na kwanta a kansa, shi ne anka watsa mini fetur. Ya rufe ido. Bayan sun tafi na tambaye shi a hankali me ya hana shi tona ni. Ya ce addininsa ya umurce shi ya so maƙwabci, kuma ba a ce sai maƙwabcin kirki ba. Ya ce in an ɗaure ni ɗiyana shida wa zai ciyar, shi ya san ƙwaƙwalwar uku daga cikinsu. Sannan ya ce in daina magana, bakina na sa masa ciwon kai.

Ba a sake zaɓe ba. Amma zagaye na gaba mutuminmu ya ci, kuma ya cika alkawari. Aka naɗa ni shugaban rundawa, har yana gaya wa baƙi cewa ga gwarzon zaman lafiya wanda ya shiga wuta don Kirista. Waɗanda sunka bi ni ta ƙofar zana ba mai iya musawa, don in sun tona ni sun tona kansu. Ticha ya kwashe iyalinsa ya koma ƙasarsu, sauran gidajen shida sunka bi ɗaya bayan ɗaya. Zancen filin idi kuwa ya zauna, har yaran da ba a haifa ba a lokacin suna faɗinsa kamar sun gani. Matata kuwa tun ranar ba ta sake dariya da labarina ba.

Shekara goma sha ɗaya na ɗauka kafin na je. Na same shi a ƙauyensu yana koya wa manya karatu, ya koyi rubutu da hagu. Matarsa ta gan ni ta juya ta shige ɗaki, ban ga laifinta ba. Na durƙusa ina kuka da majina, tsoho da ni. Ya ce in tashi, ya yafe tun a cikin mota, hannu kuwa ba ya dawowa, a bar zancensa. Abu guda ya roƙa. Ya ce ɗiyansa sun girma ana ce musu ɗiyan wanda ya so ƙwace filin idi, in koma in gaya wa mutane cewa ban ji komi a gidansa ba.

Ranar kasuwa na hau teburin nama na tuɓe riga, na nuna tabon wuta, na faɗi komi tun daga mai shayi har igiyar da na yanke. Jama'a sunka taru sunka saurara har ƙarshe. Sai wani ya ce kai, tsohon nan ba ya tsufa da shaƙiyanci, anka fashe da dariya, har da mai tafi. Na rantse da Allah, dariyar ta ƙaru. Masu addar suna cikin taron, yanzu duk magidanta ne, su sunka fi kowa dariya.

Shi ya sa na rubuto muku, ko a takarda za a yarda da ni. Abin da na koya ba mai yawa ba ne. Liman ya sha gaya mana haƙƙin maƙwabci, ni ina baya ina gyangyaɗi, sai da wanda nika yi wa alkawarin bakin ƙofar aljanna ya nuna mini shi da hannu guda. 'Yan takaran nan biyu yau jam'iyyarsu ɗaya, ɗan wannan ya auri ɗiyar wancan, ni anka kira na yanka san biki. Ku samari, in mai neman kujera ya ce addini na cikin haɗari, ku duba ko ɗansa na cikin masu riƙe gora. Ku kuma masu baki irin nawa, ku ji tsoron ranar da za a yarda da ku. Wanda ya san mutumin nan ko ɗiyansa ya gaya musu na faɗa, kuma na rubuta. Ban ji komi a gidansa ba. Ni na yanke igiyar.