Jinkar Kaka da Dodon Kawu

Ladan bai gama kiran assalatu ba muka fito daga gida, muka bar tashar Yelwa tun gari bai waye ba. Mu uku ne: ni, da Kawu ƙanen Inna, da wani abokinsa direba. 'Yan ajinmu da kuka matsa in ba ku labarin inda na je da hutu, ga shi na rubuta, don kun san da baki ba zan iya ba.

Kawu shi ne mai haska majigi a ƙauyuka, yana nuna wa mutane yadda ake shuka auduga, yana bayani da lasifika. Ya daɗe yana cewa ya gaji da auduga, so yake ya yi fim nasa na kansa, na Dodo. Wani Bature da suka yi aiki tare ya bar masa ƙaramar kyamara lokacin da zai koma ƙasarsu bayan an sami mulkin kai, irin wadda ake murɗa wa makulli kamar agogo, tare da fim naɗi uku. Kowane naɗi bai fi minti huɗu ba, kuma ba a sayar da irinsa a nan. Abin da ya tashe shi yanzu shi ne labarin gungun da aka haife su shi da Inna, can tsakiyar kogi wajen Wara. An gama madatsar ruwan Kainji, ana kwashe mutane, jiragen ruwa na ƙarshe za su tashi washegari da azahar. Dodon da yake so na wannan gungu ne, kakarsu ce ke ba da tatsuniyarsa. In bai ɗauka ba a yinin nan ko da safe, ruwa zai rufe wurin har abada.

Ni aka zaɓa in zama yarinyar da ke zuwa ɗibar ruwa. Na ce ina jin kunya. Kawu ya ce kyamarar ba ta ɗaukar murya, kamar don irina aka ƙera ta.

Motar katako muka shiga, sule uku kowa, buhun kayan Dodo kuma sisi. Mai karɓar kuɗin ya leƙa buhun ya ga ƙahon sa guda biyu, da tsohuwar komar kamun kifi, da buhunan gyaɗa da aka ɗinke, da ƙatuwar ƙwarya mai idanu, ya rufe da sauri. Hanyar jar ƙasa ce mai gargada, ruwan sama ya cinye gefenta. Abokin Kawu, da yake shi ma direba ne, bai bar wa direban motar ko kwana ɗaya ba sai ya ce da shi ne da ba haka zai sha ta ba. Ni ina kallon waje. Gero ya kai gwiwa. Matan Kambari na wucewa da kaya a kafaɗa, ba a ka ba, wuyansu a karkace kaɗan kamar masu sauraron wani abu. Daga can sai na fara ganin turaku masu jan fenti a cikin gonaki. Kawu ya ce iyakar inda ruwa zai kai ke nan. Wasu suna nesa da kogi ƙwarai, har na yi zaton kuskure aka yi.

Mun isa Wara da hantsi. Kasuwa ta cika da abin da mutane ba za su iya ɗauka ba: turame, da manyan randuna, da albasa tuli-tuli ana neman mai saye. Gasasshiyar ƙarfasa uku taro, fura kwabo. Na ci kifi har na ji kunyar ƙasusuwan da na tara a gabana.

Daga nan muka shiga kwalekwale, sisi-sisi. Ruwan ya yi kalar kunu. Duk jirgin da muka gamu da shi fitowa yake, da kaji a ɗaure, da tukwane, da azara. Mu kaɗai ke shiga, shi ya sa kowa ke bin mu da kallo.

Abin da na fara gani a gungun shi ne ɗakunan ba su da rufi. Bangaye ne zagaye-zagaye a buɗe, kamar tukwanen da aka ɗauke wa murfi. Jinkayen kuwa an jera su a bakin ruwa suna jiran jirgi. Mun tarar da Kaka zaune a kan tabarma a gindin bangon ɗakinta, 'yar ƙarama da ita, ƙullin kayanta a gefe.

"Wa nika gani?" in ji ta. "Mijin nan nawa da ya gudu birni?"

"Biko na zo, Kaka. Ga goro."

Ta juya goron a hannu. "Na sisi. Ashe har yanzu kana nan da rowarka." Ta jawo ni ta murɗa mini kunne a hankali, ta ce wannan tattaɓa-kunnen ba ta da baki ne? Na sunkuyar da kai.

Kawu bai ko sha ruwa ba ya fito da kyamara, don rana ta yi kyau. Ya tara mutane ya yi bayani. Kaka ta ɗaga kai ta dubi sama.

"Yanzu? Ba a tatsuniya da rana, kai ma ka sani. Wanda ya yi, ɓacewa za shi yi, ya rasa hanyar gida."

"Ba tatsuniya ba ce, Kaka, fim ne."

"Akwai Dodo ciki?"

"Akwai."

"Da yarinya da tulu?"

"Akwai."

"To mi ne ne in ba tatsuniya ba?"

Na yi zaton manya za su yi dariya, sai na ga ba wanda ya yi. Wani dattijo ya ce gidajen sabon garin da aka gina musu duk iri ɗaya ne a jere, ƙanensa da ya riga su ƙaura sau uku yana shiga gidan maƙwabci. Mutumin da zai koma irin wannan wuri gobe, in ji shi, ba ya ƙara wa kansa dalilin ɓata. Ɗaya bayan ɗaya suka janye 'ya'yansu. Ita kuwa kyamarar Kawu ba ta gani in ba rana.

Akwai mafita ɗaya, Kaka ce ta faɗa. In aka ba da tatsuniya bayan faɗuwar rana, aka ɗaure ta, wato aka ƙulla tsinken ciyawa ɗaya a rufin ɗakin da aka ba da ita aka kuma kwana, to washegari ana iya yin ta da rana ba abin da zai faru. Sai dai duk gungun babu ɗaki mai rufi. Gidajen sabon gari kuma rufinsu na siminti ne, babu ko tsinke. Direba ya cire malfarsa ya ce ga ciyawa nan.

"Wa ke kwana cikin malfarka ban da ƙwarƙwata?" in ji Kaka.

Kawu ya zauna a kan wani turmi, kyamara a cinya, yana kallon rana tana sauka. Ni kuma na lura duk maganar da Kaka ke yi, idonta na komawa bakin ruwa, ga wata jinka guda mai baƙin hayaƙi da tsohon kasko kife a tsininta. Na daɗe ina tattara ƙarfin hali, sannan na ja hannun rigar Kawu na nuna masa.

Ashe jinkar ɗakin Kaka ce. Da Kawu ya roƙi a sake ɗora ta, mazan gari sun yi gunaguni, don jiya-jiya suka sauke ta. Kawu ya rabar da sauran goronsa, ya yi alkawarin shi da direba za su kama a mayar da ita bakin ruwa gobe. A makaranta mun sha rubuta cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma ranar na fara gani da idona. Mutum tara suka shiga ƙarƙashinta, ba ka ganin komai sai ƙafafu, tana hawa tudu kamar wata ƙatuwar kunkuru. Kaka na biye da su da sanda tana cewa a karkata dama, ƙofa ba nan take ba. Da aka ɗora, ta shiga ta zauna, ta daɗe tana kallon sama.

Bayan magariba aka ci tuwon dawa da miyar kifi, ɗakin ya cika har bakin ƙofa. Ta ba da tatsuniyar, rabi da Hausa rabi da harshensu. Dodo na zaune ƙarƙashin mashigi, duk mai ɗibar ruwa sai ya gaishe shi. Wata yarinya ta ɗiba ba ta gaisa ba, ya haɗiye ta, ya fito ya haɗiye gari duka, har kaji da randuna. A cikin cikinsa wata tsohuwa ta ciro aska ta tsaga, kowa ya fito ya koma ɗakinsa. Da ta ƙare sai ta miƙe, ta kamo tsinke ɗaya daga saman ƙofa ta ƙulla shi sau biyu. Ni da ita muka kwana a ciki. Ɗakin na ƙamshin hayaƙi da daddawa.

Da safe hadari ya taso daga gabas, Kawu na ta duban sa. Direba ya sa kayan Dodo, aka soka masa haƙoran rogo a bakin ƙwaryar. Kafin a shirya, akuya ta cinye biyu. Ya shiga ruwa, buhunan suka jiƙe suka yi nauyi, ya taso yana tangaɗi, ƙaho ɗaya ya karkace, ƙafafunsa na leƙowa. Yaran da aka ce su gudu da ihu suka zube ƙasa suna dariya. Naɗi ɗaya ya tafi a haka. Saura biyu.

Kaka ta sa aka kawo mata kujera.

"Wa ya ce maka haka Dodo yake?" ta tambayi Kawu.

"To yaya yake?"

"Ina na sani? Wanda ya gan shi duka bai dawo ya ba da labari ba. Shekara nawa ina ba ku tatsuniyar nan, na taɓa ce muku yana da ƙaho?"

Ta sa aka cire ƙahon da haƙoran da buhunan. Ta ce direba ya nutse da komar kawai a kansa, da karan gero mai rami a baki don numfashi, kada ya taso sai ta buga sanda. Ta ce kowa ya yi shiru. Ni kuma in je in ɗibi ruwa kamar kullum.

Na sauka da tulu. Na san direba ne, na ga shigarsa, jiya ma kusa da ni ya zauna a mota. Amma ruwan ya kwanta lumui, ban san ta inda yake ba. Ba ka jin komai sai ƙarar kyamara, kir-kir-kir, kamar gyare. Na tsoma tulun. Sai wata ƙwarya da ke yawo a kan ruwa ta tsaya, ta fara tafiya tana saɓa wa igiyar ruwa. Wani baƙin abu ya kumburo kusa da ƙafata, hannu ya fito daga cikin koma ya kama bakin tulun. Ban san lokacin da na saki ba. An ce ihun da na yi har masu jirgi sun ji. Wannan karon yaran gudun gaske suka yi, wani ƙarami ma sai a bayan uwarsa aka same shi.

Saura naɗi ɗaya, ga abu biyu ba a ɗauka ba: haɗiye gari da fitowa daga cikin Dodo. Kawu ya tanadi wani ƙaton bakin Dodo na zana don wannan, amma bai ko kwance shi ba, don a lokacin jiragen ƙarshe suka iso. Aka fara lodi. Ya tsaya yana kallo, sai na ga ya murɗa makulli. Ya ɗauki bangaye marasa rufi, da murhu mai toka da sauran ɗumi, da wata kaza da aka manta tana yawo ita kaɗai. Ya miƙa wa wani malamin makaranta kyamarar ya nuna masa inda zai danna, ya shiga ƙarƙashin jinkar Kaka kamar yadda ya yi alkawari. Suna cikin gangarawa da ita kyamarar ta yi ƙas, ta tsaya.

A cikin jirgi Kaka ta tambaye shi, "Ina wurin da ake tsaga ciki kowa ya koma ɗakinsa?"

"Fim ya ƙare, Kaka."

Ta waiwaya ta dubi gungun. "To, in ka nuna, ka faɗa musu da baki."

Ruwan sama ya same mu a Wara, muka kwana a can, washegari muka kamo hanya. Kuɗin mota ya koma sule huɗu saboda masu ƙaura. Abokin Kawu direba na ta atishawa, bai sami bakin kushe tuƙin kowa ba. Mun iso Yelwa da la'asar. An aika da fim ɗin Kaduna a wanke, sai bayan watanni za mu san abin da ya fito.

Abin da na koya, na farko, abin da ba ka gani sosai ba ya fi wanda ka gani ban tsoro. Na biyu, in tsoho ya ce abu ba ya yiwuwa, kada ka tsaya gardama da shi, ka duba inda idonsa ke kallo.

Inna ba ta tambaye ni Dodo ba. Tana tankaɗe gari ta ce, ko akwai wani faffaɗan dutse a mashigin, mai tsagi a tsakiya, inda suke wanki suna yara? Na ce a kansa na tsaya da tulu, zai fito a naɗi na biyu. Ta dakata da rariya a hannu.

"Ranar da za a nuna, ku kama mini wuri a gaba," in ji ta.