Ranar da Na Sake wa Kujerar Alhaji Riga

Ko zan manta komai na zamana a Dubai, ban da ranar da na gyara wa maigidana kujera.

Lokacin ina gadin sitonsa a unguwar Al Quoz. Alhaji injiniya ne, Bakano, kuma babu abin da yake so kamar tara tsofaffin kujerun hutawa na Turawa, waɗanda aka ƙera tun kafin a haife shi. Akwai wata baƙa mai wurin ɗora ƙafa, fatarta duk ta tsattsage. Kullum na kalle ta sai hankalina ya tashi. A garinmu in Sallah ta matso ba a barin kujerar babban mutum haka, sai an sake mata riga. Na yi ta saƙe-saƙe kada baƙinsa su ce ban riƙe amana ba.

Da ya tafi Umara, na kai ta wurin wani mai gyaran kujeru a bayan layinmu. Ya ɗaye tsohuwar fatar, ya sa sabuwa mai ƙyalli.

Ranar da Alhaji ya dawo, har da murmushina na yaye mayafin da na rufe ta da shi. Ya tsaya cak. Sai kawai ya zauna a kan siminti da farar shaddarsa.

"Malam, ina kujerata?"

"Ga ta nan, ranka ya daɗe. Gyara na yi mata."

"Gyara? Shekara da shekaru ina neman mai fatarta ta asali. Tsufan nan shi ne kujerar. Khalas, shi ke nan, ka kashe ta."

Ban taɓa jin cewa tsagewa ma daraja ce ba. Bizata a hannunsa take, ga iyali a gida sun dogara da aikin nan.

Can ya ce, "Fatar fa? An zubar?"

Ni kuwa ban iya zubar da kayan wani ba, ko ƙusa ce. Na ruga ɗakina na ɗauko buhun da na dawo da shi daga wurin mai gyaran. Ga fatar a linke, ga maɓallai, har ƙananan ƙusoshin na ƙulle a leda. Ya daɗe yana shafa ta.

"Wannan fargabar taka ce ta ɓata min kujera," in ji shi, "ita ce kuma ta bar maka aikinka."

Daga baya wani gwani ya mayar da fatar, amma ɗinkin yana nunawa har yau. Tun ranar na koyi cewa kyakkyawar niyya ba izini ba ce. Ko ƙura zan share wa kayan wani, sai na tambaya.