Doyar da Mama ta tsinta a bayan katafila

Duk lokacin da ƙamshin gasasshiyar doya ya buge ni a bakin titin Lugbe, sai tafiyata ta ragu. Ba yunwa ba ce. Gonarmu ta can bayan Kuje ce take dawo mini, da jar ƙasarta, da Mama a sunkuye a tsakanin kunyoyi.

Mu Gbagyi ne, kuma in ka san mutanenmu ka san matanmu a kafaɗa suke ɗaukar kaya. Kakata takan ce kai yana da nasa aikin, wato tunani, bai kamata a ƙara masa wani ba. Haka Mama take dawowa daga gona, ƙatuwar ƙwarya a kafaɗa, zufa na bin wuyanta. Tun da Baba ya rasu, ita ce mai huɗa, ita ce mai kafa sanduna, ita ce mai kaiwa kasuwa.

Wata shekara, damina ta kusa ƙarewa, ganyen doya ya fara ja, sai ga katafila. Wai an ba masu gina gidaje filin. Dattawan gari suka tafi kai kuka, mata suka tsaya a gefen hanya suna share hawaye. Ni ma kukan nake yi, ina riƙe da zanen kakata. Mama kuwa ta ɗauki ƙwaryarta ta bi bayan injin, tana tsintar doyar da ya tono, wasu a sare, wasu a farfashe. Direban ya daka mata tsawa ta matsa. Da Hausarta ta kasuwa ta ce masa, "Oga, kai yi aikinka, ni ma ina yi nawa."

Ya dube ta, sai ya rage gudu.

Da yamma ta baje doyar a tsakar gida. Na zaci dafawa za a yi, sai na ga tana ware masu ido, wato masu wurin tsiro, tana shafa toka a wurin saran don kada su ruɓe. Ta ce waɗannan iri ne, ba na ci ba. Ranin nan mun ji jiki, amma ba ta bari an taɓa ko ɗaya ba. Da ruwan farko ya sauka, ta kwashe su zuwa wani fili mai duwatsu da yayanta ya ara mata, can nesa da gari. Sai da ta yi ta tone dutse kafin ta sami wurin huɗa. Suka tsiro.

Da na gama sakandare, burina aikin jinya. Na zauna jarrabawar shiga makarantar koyon jinya, sunana bai fito ba. Na sake, haka dai. Na kama aiki a wani shagon tayil a Dei-Dei, cikin ƙarar manyan motoci, zuciyata ta karaya. Wata Lahadi bayan coci na gaya wa Mama na haƙura. Ba ta yi faɗa ba. Tana fere doya, ta tambaye ni ko duk abin da na karanta ne ya ruɓe. Na ce a'a.

"To, ki ware mai ido," ta ce.

Na koma da littattafaina, ina karatu a bayan shago in babu mai saye. Shekarar da ta biyo na samu shiga.

Yau ina aikin jinya. Inda gonarmu take dogayen katangu ne da mai gadi a ƙofa, kuma yaran da ke wasa a ciki ba su san an taɓa noma a wurin ba. Mama tana zaune tare da ni a Lugbe, inda ko'ina siminti ne, gwiwoyinta sun gaji. Duk da haka ta cika tsofaffin buhuna da ƙasa a bayan kicin, ta yi shuka. Kwanan nan na tuna mata likita ya ce ta huta. Ta ce ta ji, sannan ta aike ni in nemo mata sanduna, don doyar ta fara yaɗo.