Juma'ar da Na Ƙwace Sanda

Karo na uku da aka daki yayana, da rana tsaka ne, a inda motar ruwa take tsayawa a gindin tudu. Samari huɗu suka tare shi yana ɗauke da jarka, ɗaya ya sauke masa guntun bututun ƙarfe a gefen kai, sauran suka bi shi da ƙafa har sai da jarkar ta fashe. Ni ban ga dukan ba, ina Zahir, can cikin garin Makka, inda nake tuƙa motar wani mai kantin kayan gini. Da na hau unguwarmu Nakkasa da yamma na same shi zaune a ƙofar shagonsa, kunnensa na hagu ya rabe biyu, wata tsohuwa da ta taɓa yin unguwarzoma tana ɗinke shi da allurarsa da zarensa. Tela ne, kayan aiki ba su yi wuyar samu ba. Asibiti kuwa ba a maganarsa, don yayana ba shi da igama, takardar zama ke nan. Ni ina da ita ta hannun maigidana. Shi tun da ya zo aikin hajji yana saurayi ya zauna, har furfura ta fara fito masa.

Laifinsa ɗaya, bai buɗe shago ba ranar da aka yi kame a layinmu. Ya sauka unguwar Ka'akiyya kai ɗinki da sassafe, kafin ya dawo an kwashe maza da dama an kai su tarhil, inda ake tsare mutum kafin a mayar da shi ƙasarsa. Sai wani ya tuna an taɓa ganin ɗan sanda ya zo karɓar jallabiya a shagonsa. Aka haɗa wannan da wancan, kafin mako ya zagayo yayana ya zama ɗan rahoto. Mutumin da ko cinikin zare ba ya iya ɗaga murya a kai, shi ne wai ya sayar da unguwa.

Wanda ba shi da takarda ba ya zuwa kotu, don idan ya shiga da ƙafarsa ba zai fito da ita ba. Saboda haka mu Hausawan wannan gefen tudu muna da namu alƙalin, wanda ba shi da rawani ba shi da ɗan doka, amma idan ya saurari shaidu ya ce an wanke wane, to an wanke shi, wanda ya ƙara taɓa shi kuma unguwa ce za ta juya masa baya. Abin da yayana yake bukata ke nan, zama ɗaya tak. Sai dai alƙalin namu ya rasu cikin azumi, kujerarsa tana nan babu kowa.

Dattawa suka tsayar da wani malamin makaranta, haifaffen Makka, wanda kakansa ya zo daga Kano a ƙafa. Ɗan ƙasa ne, Hausarsa rabi Larabci, amma ba a taɓa jin ya yi son kai ba. Kuskurensa shi ne da aka tambaye shi batun yayana ya faɗi gaskiya tun kafin a naɗa shi, ya ce shi ba ya karɓar zargi sai da shaida. Waɗanda aka kwashe wa 'ya'ya da ƙanne suka ji, suka ce wannan ba zai hau kujerar ba. Ba su kai mu masu goyon bayansa yawa ba, sun kuma san haka.

Ga yadda ake tabbatar da alƙali a wurinmu. Ana taruwa ranar Juma'a bayan la'asar a saman wani bene mai hawa uku. A tsakiyar tabarma akwai wata tsohuwar sanda ta dogarawa, wadda alƙalin farko ya bari. Wanda ya ɗauke ta shi ke da magana, ba a katse shi, ba a ce masa ya taƙaita, muddin yana tsaye bai zauna ba. Ba a ɗaga hannu a ƙirga sai sandar tana kwance babu mai son ɗauka. Da an kira magariba kuma taro ya watse, duk abin da ba a yanke ba sai wata Juma'ar. Magabata sun yi wannan ne don kada masu baki su danne mai sanyin murya, irin yayana.

Juma'ar farko wani tsoho ya miƙa hannu ya ɗauki sandar. Mai tura keken marasa ƙarfi ne a Masallacin Harami, siriri, mai ƙafafu kamar na ƙarfe, kuma ɗansa tilo na cikin waɗanda aka kwashe. Ya fara da salati, ya gaida dattawa ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi lafiyar iyalin kowa. Sannan ya ce don mu gane inda aka dosa sai ya ba mu tarihin zuwansa. Ya taso mu daga ƙauyensu a ƙasar Maraɗi, ya shigar da mu mota, motar ta lalace, ya gyara ta, ta ƙara lalacewa. Muna Cadi aka kira magariba. Ya ajiye sandar a hankali, ya ce, “Sauran sai mako mai zuwa, in da rai.” Wallahi ranar har dariya na yi.

Juma'a ta biyu muka shiga Sudan. Da muryarsa ta dushe sai ya sunkuya kamar zai ajiye, wani nasa ya cafe tun sandar ba ta taɓa tabarma ba, ya shiga karanto sunayen waɗanda aka kama da na iyayensu da na garuruwansu, yana yi wa kowanne addu'a, mu kuma dole mu ce amin. Wa zai ƙi amin? A makon ne aka jefi shagon yayana da bulo, aka fasa masa gilashi da kan keken ɗinki. Mako na uku aka watsa masa ruwan kwata yana dawowa daga masallaci. Mako na huɗu ne na kunnen.

Na je wurin mai shayinmu, wanda shi ke ƙirga hannuwa a taro, ina huci. Na ce mu ne masu yawa, mu sa doka kowa ya yi magana gwargwadon shan kofin shayi ya ajiye. Ya dube ni ya ce, “To a wane taro za ka sa dokar, ɗan'uwa? Ita ma sai sanda ta kwanta.” Ya ƙara da cewa in yi hankali, yawa ba ya tabbata a hannun kowa, wata rana mu ne za mu zama 'yan kaɗan, mu nemi sandar nan mu rasa. Na ce masa wata ranar ba ta dame ni ba, kan yayana ne ake fasawa a yau. Ban ji maganarsa ba, kuma ba zan yi ƙarya in ce na yi ƙoƙarin ji ba.

Yayana kansa bai goyi bayana ba. Yana kwance da tsumma a kai ya ce, “Tsohon nan ɗansa aka ɗauka. Ƙafa ce, za ta gaji.” Na ce masa ƙafar mai tura keke ba ta gajiya, kanka ne zai riga ta. Ranar Juma'a kuma ya sa farar rigarsa ya hau benen nan da kyar, ya zauna a gaba inda kowa zai ga kunnen.

Tsohon ya ɗauki sanda kamar kullum. Yau ba tarihi ya kawo ba. Ya tsaya a kan yayana, kusa har gefen rigarsa na taɓa gwiwarsa, ya shiga bayanin hukuncin mai cin amana, a nan duniya da gobe kiyama, a hankali, kalma bayan kalma, bai ambaci suna ba. Samarin da suka yi dukan suna bayansa suna murmushi. Ina kallon rana tana gangarawa bayan duwatsu, ina kallon ɗinkin kunnen yayana yana tsatsar da ruwa yana ɓata masa wuyan riga. Malamin da aka tsayar ya lura da ni, ya raɗa min, “Isbir, ya akhi, ka yi haƙuri.” Ban san lokacin da na miƙe ba.

Na kama sandar ta tsakiya. Tsohon ya ce, “Ɗana, ban ajiye ba.” Na ce, “Yau za ka ajiye, Baba.” Ya riƙe da hannu biyu, kuma yana da ƙarfi fiye da yadda na zata. Na murɗa, na fizga, na ture shi da kafaɗa. Ya tafi da baya, ya juya, bakinsa ya daki kusurwar ƙarfen da tankin ruwa ke zaune a kai. Na ji ƙarar, irin ta rake idan an karya shi. Na jefa sandar kan tabarma na daka tsawa, “Sanda ta kwanta! A ɗaga hannu!”

Abin kunya, an ɗaga. Mutanenmu suka ɗaga hannuwa, mai shayi yana ƙirgawa, har ya ce malam ya samu. Bai rufe baki ba aka maka masa butar shayi a fuska, ruwan zafi ya wanke masa wuya, ya faɗi yana ihu. Daga nan ba wanda ya ƙara sanin ɓangarensa. Wani ya fasa kofi ya yanka wani a damtse. Mai bututun nan ya zo kaina, na tare da hannu, na ji yatsuna biyu sun karye, na sa masa kai a hanci har sai da jininsa ya shiga idona. Dattijai masu jikoki suna shaƙe juna a kan tabarma, ana tattake su. Aka ɗaga bulo aka jefa, ya wuce kan wanda aka nufa, ya tsallake katanga, ya sauka a kan gilashin motar wani maƙwabci a ƙasa. Mata suna ta kururuwa daga tagogi. An kira magariba a cikin wannan hali, babu wanda ya ji.

Maƙwabcin ba Bahaushe ba ne, kuma ba ruwansa da sandarmu. Ya buga wa 'yan sanda waya, kamar yadda kowa zai yi. Benen matakala ɗaya gare shi. Masu ƙarfin ƙafa suka dira saman gidan kusa suka ɓace, har da samarin nan huɗu. Na nemi yayana in tura shi ya bi su, na same shi durƙushe gefen tanki, ya ɗora kan tsohon a cinyarsa, ya cire hularsa yana danne masa baki da ita. Haƙora biyu suna ƙasa cikin jini. Na ce, “Yaya, tashi, sun zo!” Ya ce, “In na saki zai shaƙe.” Na ja shi, ya ture hannuna. A rayuwarmu bai taɓa ture ni ba sai ranar.

Aka jera mu a bakin titi. Mai takarda gefe guda, maras takarda gefe guda. Ni na kwana biyu a tsare saboda faɗan, maigidana ya zo ya fito da ni yana zagina. Yayana da tsohon da wasu da yawa aka sa su a mota ɗaya. Ta taga na hango shi, har lokacin hularsa na bakin tsohon.

Da na koma unguwa labari ya juya. Kowa ya san ba a kai ɗan rahoto tarhil. Matan da suka daina gaida shi suka riƙa tsayawa a ƙofar shagon suna cewa ashe bawan Allah ba shi ba ne. Ni ba a ce min komai ba. Idan na shigo layi sai hira ta mutu, kuma a kwana na biyar dutse ya wuce ta gefen kaina ban ga wanda ya jefa ba.

Bayan makonni yayana ya kira ni daga Kano, da wayar wani ɗan ƙanwar mahaifiyarmu. Ya ce garin ya canza, bai gane hanyar gidanmu ba sai da aka raka shi. Ya ce tsohon ya ga ɗansa a tarhil, an mayar da su tare. Sannan ya yi tambayar da na san don ita ya kira.

“An wanke ni?”

“An wanke ka, Yaya. Kowa ya ce ba kai ba ne.”

Na ji ya sauke numfashi, ya yi hamdala sau uku. Sai ya ce, “To wa suke cewa yanzu?”

Na ce, “Wanda ya tayar da faɗan, kuma yake da igama, ya kwana biyu ya dawo gida.”

Muryarsa ta yi ƙasa. Ya ce, “Ai yanzu akwai alƙali. Ka je gobe-gobe, kada ka jira.”

Na ce to. Ban gaya masa ba cewa tun ranar babu wanda ya kai wa malamin ƙara, har cikin waɗanda suka ɗaga masa hannu. Sun ce alƙalin da aka naɗa da ƙwatacciyar sanda, wankinsa ba ya fitar da kowa.