Garin da Kawu Ya Ɓoye a Tsakiyar Tafki

Shekara ashirin da biyu kawuna ya yi a ɗaki mara taga, shi da wata na'ura da suke kira saba, mai gurnani kamar tsohon firiji. A cikinta ake ajiye hotunan ƙasa da aka ɗauko daga sama. Shi ke yanka su gunduwa-gunduwa, ya jera, ya sakar wa masu gina hanya da masu auna fili. A ofis Goge-goge suke ce masa, don sabon hoto na isowa yake share tsoho, ko a jikinsa.

Ashe shi ma yana da nasa laifin. Da aka yi madatsar ruwa, garin da aka haife shi ya nutse. Sabon hoto ya zo, ruwa ne shimfiɗe. Kawu ya sauya ko'ina, ya bar gunduwa ɗaya tak ta tsohon hoton, mai gidansu a ciki. Duk wata yayarsa, wato mahaifiyata, takan sa in kai ta ofishinsa ta ga hoton. Idonta ya yi rauni, amma sai ta dangwala yatsa a gilashin kwamfutar ta ce, "Ga mangwaronmu." Ranar takan ci abinci sosai.

Shekara shida ba wanda ya lura, sai da masu aikin ruwa suka ga gunduwar a tsakiyar tafki, suka ɗauki jirgi suka tafi neman tsibirin da babu shi. Shugabarsa ta kira shi.

"Malam, kai da kanka? Hoton nan na haya ne, wa'adinsa ya wuce tuntuni. Ko kwafi ba mu da ikon ajiyewa."

Bai yi musu ba. Da hannunsa ya goge, kuma na san halinsa, bai ɓoye ko ɗaya ba. Na ji haushinsa, na kuma tausaya masa.

Ya kasa gaya wa mahaifiyata. Da wata ya zagayo ta ce mu tafi. Ya buɗe wurin, ba komai sai ruwa. Ta matso, ta lalubi gilashin, ta ɗora yatsa daidai inda ta saba.

"Ga mangwaronmu. Auta, kamar ya ƙara girma, ko?"

Kawu ya daɗe yana kallon ruwan.

"Ya ƙara, Yaya," in ji shi.