Rijiyar da muka haƙa a gindin dutse

Shekarun baya, zamanin da Nasara ke kwasar samari aikin hanya, muna zaune a wani ɗan ƙauye kusa da Gure, a gindin wani jan dutse. Ina saurayi lokacin, ƙarfi kamar na jaki, hankali ma kusan haka. Shekarar da fara ta cinye gero, rijiyarmu ta kwari ta rufta, rairayi ya haɗiye ta. Maƙwabta suka fara ɗaure kaya. Mahaifina ya ce shi ba zai bar gonar ubansa ba, sabuwar rijiya za mu haƙa, kuma a gindin dutse, inda rairayi ba zai sake cin amanarmu ba. In babu ruwa kafin zafi ya tsananta, dole mu ma mu tashi.

Da farko aikin ya yi daɗi. Ina ƙasa da dagi, shi yana sama yana jan ƙasa da igiya. Har na fara cika wa ƴan mata baki cewa su ajiye jakunansu, ruwa ya kusa zuwa ƙofar gida. Sai ƙasar ta fara sauya. Jar laka ta koma baƙa, ta yi tauri kamar dutse, kullum bakin dagi sai ya je wurin maƙeri.

Mahaifiyata maginiyar tukwane ce. Wata rana ta kawo mana fura, ta ɗauki ɓallin baƙin dutsen, ta ƙwanƙwasa shi da zobenta. Ya yi ƙara ƙal.

"Malam," ta ce wa mahaifina, "ƙasar nan ta riga ta sha wuta. Gasasshiya ce. Ni ban san wanda ya gasa ta ba, amma na san ƙarar."

Ya ce, "Ke dai koma wajen tukwanenki. Wa ya taɓa hura wuta a ƙarƙashin ƙasa?"

Muka koma dabarar da kakanni ke yi wa dutse: a tara itace a ƙasan rami a cinna wuta, in ya yi jawur a kwara masa ruwa ya tsage. Ruwan kuwa shi ne wanda mahaifiyata da ƙanwata ke ɗaukowa daga wani kwari mai nisa, tun asuba sai hantsi. Ina kallo ake zuba shi a rami, ya tashi tururi, mu kwana da ƙishi. Abin da ke ɓallewa bai wuce cikin ƙwarya ba. Muka ƙone gawon da ke bakin gona. Muka ƙone dirkokin rumfa. Daga ƙarshe muka sauke itacen rufin ɗakin mahaifiyata, a gaban idonta.

Ranar da baƙin dutsen ya ƙare na yi kabbara, na ɗauka mun huda. Da na share toka sai ga wani a ƙarƙashinsa, ja-ja mai ɗigo-ɗigo, irin na dutsen da ke tsaye a kanmu sak. Na kai masa dagi, wuta ta yi tartsatsi, ko gezau. Mahaifina ya sauko da kansa. Ya shafa shi da tafin hannu, ya daɗe a tsugune, sannan ya ce, "Ɗana, ashe saiwarsa ce. Jawo ni."

Muka tashi zuwa Gidigir, muka raɓa a gidan kawuna. Mahaifina bai sake riƙe fartanya ba, bai kuma ga damina ta biyu ba.

Sai da na tsufa jikana da ya yi lakwal, wato makarantar boko, ya warware mini. Ya ce irin wannan dutse narkakke yake tasowa daga can ƙasa, kamar kunu mai zafi, kuma ba a tashi ɗaya ba. Wani ya taso ya daskare, a daɗe, wani ya biyo ya ƙaru a kansa, haka har ya zama abin da muke gani da wanda ba mu gani. Duk zuwan da ya yi sai ya gasa ƙasar da ke kewaye da shi, ya toshe ƙofofin da ruwa ke bi. Na yi dariya har na share hawaye. Ashe abin da wutar Allah ta gasa tun kafin a halicci mutum, shi muka je tsoratarwa da ƴan itacenmu.

Har yau ban iya ganin an zubar da ruwa raina bai ɓaci ba. Ba dutsen ke damuna ba, shi yana nan inda yake. Mahaifiyata nake tunawa, da tulu a ka, ta san sarai inda ruwan zai ƙare, kuma kullum ta ɗauko.