Azumin da Na Ɗora wa Karenmu

Wautar da na yi ita ce na ji rabin bayani na kama aiki da shi. Yayata ce ta zo gida Sabon Gari daga Samaru, inda take karatun likitan dabbobi, ta tarar da tsohon karenmu kwance a bakin rijiya. Idonsa ya yi fari-fari, haushinsa ya koma kamar tarin tsohon direban tirela.

"Yaya, me ke cin sa?"

"Tsufa," ta ce. "Jikin dabba ƙananan ɗakuna ne da ido ba ya gani. Kowane ɗaki yana da 'yar jaka mai narkar da shara, sunanta laisosom. In tsufa ya zo sai jakar ta gaji, shara ta taru kamar kwatar kasuwa da damina. An gwada da ɓeraye da tsutsotsi, in an rage musu abinci jakar kan farfaɗo, su daɗe a duniya. Amma fa..."

Nan Baba ya katse ta daga kan tabarma. "Karen da ba ya haushi ɗan haya ne, kuma ba ya biya. Zan kira mai keji."

Mai keji wani dogon mutum ne da ke yawo a keke da kejin ƙarfe a baya, yana sayen karnuka yana kai wa masu farfesu. Duk wanda ya shiga kejin nan ba ya dawowa. In ya zo ƙofarmu sai ya rage gudu, ya kaɗa ƙararrawa sau ɗaya, ya leƙa.

Sai na ƙudura zan share cikin karen nan kafin a kira shi. Kullum in Mama ta ba ni ƙanzo da ƙashi na kai masa, sai na zagaya na zuba wa agwagin maƙwabta. Ruwa kawai nake ba shi, ina raɗa masa, "Daure, Tsoho, ana shara a ciki." Agwagin suka yi ƙiba har suna tafiya kamar 'yan kwangila. Shi kuwa haƙarƙarinsa ya fito, ka iya kaɗa garaya a kai. Ya daina bin inuwa, rana ta zo ta same shi ta wuce. Wata ungulu ta fara sauka kan kwanon ɗakinmu.

Ranar wata Asabar ƙararrawa ta kaɗa, keken bai wuce ba. Mutumin ya shigo da igiya a hannu, ya tsuguna, ya latsa cinyar karen, ya ɗaga fatar wuyansa.

"Oga," ya ce wa Baba, "wannan ko kyauta ka ba ni ka cuce ni. Miyar ƙashi zan yi?"

Ya naɗe igiyarsa ya fita.

Washegari Yaya ta zo coci, na tare ta da alfahari na faɗa mata aikina. Ta murɗe min kunne har na hango Kaduna.

"Ragewa na ce, ɗan banza, ba hanawa ba! Kuma wa ya ce maka ana yi wa tsohon da ya riga ya kwanta?"

Da muka koma gida ta dama kunu ta marmasa kifi a ciki, tana ɗura masa da cokali. Ya ɗan tashi, yana kaiwa zaure ya dawo, amma bai ƙara haushi ba. Ya mutu kafin Kirsimeti. Ni da Baba muka haƙa masa rami a bayan gida.